Maigadin Rumbu: Abin da François Jacob Ya Bar Mana

Idan kaka ta yi a ƙasar Mallawa, ba a jayayya a kan noman mutum. Dammunan gero ake ƙidayawa a bakin rumbu, nan take a san wanda ya sha rana da wanda ya sha inuwa. To, shi masani fa, wanda gonarsa takarda ce, da wane mudu za a auna nomansa? Jami'o'in zamaninmu sun ce shi ma a ƙidaya masa dammuna: maƙala nawa ya buga, kuma sau nawa waɗansu suka ambace shi a cikin nasu rubutun. Ban raina wannan awo ba, domin ya fi a yi hukunci da son rai. Sai dai Bahaushe ya ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai damin da ake sussukewa a cinye tun sanyi bai fita ba, akwai kuma wanda ake ratayewa don iri. Nufina a wannan maƙala shi ne in kawo wa mai karatu labarin wani masanin ƙananan halittu wanda daminsa na iri ne, sa'an nan in nuna inda irin ya tsiro a nan ƙasarmu, ko da yake ba kowa ya san sunan mai shi ba.

Sunansa François Jacob. An haife shi a birnin Nancy na ƙasar Faransa a 1920, ya rasu a Paris a 2013. Ni malamin Faransanci da Hausa ne, don haka ta ƙofar adabi na shiga gidansa, wato ta littafin tarihin rayuwarsa, La Statue intérieure, wanda ya fito a 1987. Alƙalaminsa kuwa ba na wasa ba ne, shi ya sa a 1996 aka zaɓe shi cikin majalisar nan ta masu kula da harshen Faransanci, Académie française. Tun yana saurayi burinsa shi ne ya zama likitan fiɗa. Yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu: a watan Yuni na 1940 ya tsallaka Ingila ya bi sahun Janar de Gaulle, aka turo shi Afirka a matsayin mai jinyar soja. Ya zauna a Cadi, nan maƙwabtanmu, ya ratsa hamadar Libiya har Tunisiya. A watan Agusta na 1944 ɓaraguzan bom suka yi masa mummunan rauni a Normandi, burin fiɗa ya tafi ke nan. Ya ƙarasa karatun likita a 1947, ya yi ta neman abin yi, sai a 1950, yana da shekara talatin, André Lwoff ya karɓe shi a ɗakin bincikensa da ke Cibiyar Pasteur.

Wannan ɗakin bincike a can ƙarƙashin rufin ginin yake, ma'aikatan suna kiransa grenier. Ƴan uwana malaman Faransanci sun san kalmar tana da fuska biyu: tana nufin ɗakin saman bene inda ake jibge tarkace, tana kuma nufin rumbu. Na daɗe ina jin daɗin wannan dacewa, domin abin da aka gano a wurin, in an taƙaita shi, ilimin rumbu ne: me aka ajiye a ciki, wa ke riƙe da ƙofa, kuma yaushe ake buɗewa.

Kafin mu je can, bari mu shirya kalmominmu. Bakteriya halitta ce mai rai wadda ido ba ya gani, jikinta duka ɗaki guda ne. Wadda masana suka fi aiki da ita sunanta Escherichia coli, tana zaune a hanjin kowannenmu, kuma in ta sami abinci da ɗumi takan rabu biyu cikin minti 20 kacal. A cikinta akwai wani dogon zare mai ɗauke da umarnin gina jiki, wanda Faransanci ke kira ADN. Mu kira shi zaren gado. Zaren nan gaɓa-gaɓa ne kamar karan rake, kowace gaɓa kuma tana ɗauke da umarnin ƙera furotin iri guda. Gaɓoɓin gadon wannan bakteriya sun haura 4,000. Daga cikin furotin ɗin akwai waɗanda aikinsu narka abinci ne, su ake kira anzim. Tambayar da ta tsaya wa masana ita ce: shin dukan gaɓoɓin nan aiki suke yi dare da rana, ko kuwa akwai mai cewa wannan ta tashi, waccan ta kwanta?

Jacques Monod, wanda shi ma ya yi shekaru a wannan grenier, ya riga ya ga alama tun a kundin digirinsa na 1941. In aka haɗa wa bakteriya sukari iri biyu, misali gulukos da sukarin madara, ba ta haɗa su ta ci. Takan cinye gulukos tukuna, ta ɗan dakata kamar mai tunani, sa'an nan ta koma wa na biyun. A lokacin dakatawar nan ne take ƙera anzim ɗin narka sukarin madara, yawansa ya ninka har kusan sau 1,000. In sukarin ya ƙare, ta daina ƙerawa. Ashe ko halittar da ba ta da kai ba ta da ido ta san tattali. Ba ta hura wuta sai ta ga abin dafawa.

Shi kuwa Jacob, ta wata hanya ya biyo. Lwoff ya nuna a 1950 cewa akwai birus mai shiga cikin bakteriya ya yi lamo, ya bi ta daga uwa zuwa ƴa har zuriya bayan zuriya ba tare da ya yi ɓarna ba, amma da zarar an haska mata wani irin haske mai ƙuna sai ya farka, ya hayayyafa, ya fasa ta. Jacob da abokinsa Élie Wollman suka ɗauki wannan batu suka haɗa da wani: bakteriya biyu sukan manne da juna, ɗaya ta zura wa ɗaya zaren gadonta. Dabarar da suka yi a tsakiyar shekarun 1950 ta ba mutane dariya kafin ta ba su mamaki. Sai su bar bakteriyar su manne, bayan ƴan mintoci su zuba su cikin injin markaɗe irin na ɗakin girki su raba su da ƙarfi, sa'an nan su duba gaɓa nawa ta riga ta wuce. Da haka suka gane cewa gaɓoɓin bi da bi suke shiga, kamar awaki a ƙofar garke, kuma zaren duka yana bukatar wajen minti 100 kafin ya gama wucewa. Har yau da minti ake auna tsohuwar taswirar gadon wannan bakteriya. Suka kuma lura da wani abu: in mai bayarwa tana ɗauke da birus mai barci, mai karɓa kuwa ba ta da shi, da zarar ya shiga sabon gida sai ya farka. Me ya tashe shi? Lalle a tsohon gidan akwai mai danne shi, wanda babu shi a sabon.

A 1957 da 1958 wani Ba'amurke, Arthur Pardee, ya zo Paris, su uku da Jacob da Monod suka yi irin wannan gwaji a kan anzim ɗin sukarin madara, sakamakon ya fito iri ɗaya: gaɓar da ta shiga sabon gida takan kama aiki nan da nan, ba ta lafawa sai mai danne ta ya samu a gidan. Jacob ya ba da labarin cewa a watan Yuli na 1958, yana zaune a gidan silima, tunani ya faɗo masa cewa barcin birus da barcin anzim abu guda ne, kuma mai dannewar a kan zaren gadon kansa yake zama. Daga nan aka gina bayanin da suka fitar a 1960 da 1961. Gaɓoɓin da ke aiki ɗaya sukan jeru wuri guda, kamar ɗakunan gidan gandu masu zaure ɗaya. Wannan jeri suka kira operon. Wata gaɓa dabam tana ƙera furotin wanda aikinsa gadi ne: ya zauna a bakin zauren ya hana a karanta abin da ke ciki. In sukarin madara ya iso, wani ɓangarensa kan maƙale wa maigadin, siffarsa ta sauya, ya saki ƙofa. Umarnin kuma ba ya fita da kansa. Kwafinsa ake yi a ba wani ɗan aike mai gajeren rai ya kai wurin ƙira. Wannan ɗan aike shi ne ARN messager, wanda Jacob da Sydney Brenner da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwarsa a gwajin da suka yi a Kalifoniya a 1960, aka buga a 1961.

Idan muka koma ga mudun jami'a, me za mu ƙidaya? Jacob ya yi rubutu da yawa a tsawon ransa, amma ginshiƙin ginin bai wuce aikin shekara goma ba, daga 1954 zuwa 1963, kuma uwar maƙalolin, wadda shi da Monod suka buga a 1961, ba ta cika shafi arba'in ba. A 1965 aka ba su lambar Nobel su uku da Lwoff, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin lura shi ne, a lokacin ba wanda ya taɓa riƙe maigadin nan a hannu. Da hankali da lissafi kawai aka ce lalle yana nan. Sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka tsamo shi a Amurka, ya kuwa fito furotin ne mai kama zaren gado. Bayanin nasu bai game kome ba. Ellis Englesberg ya nuna cewa akwai ƙofofin da ba maigadi ke rufe su ba, mai kira ne ke buɗe su, kuma an daɗe a Paris ba a yarda da shi ba. Amma wannan ƙari ne a kan tushe, ba rushe shi ba ne. Tambayar da ta sa ƙwayar ido ta bambanta da ƙwayar hanta, alhali zaren gadonsu ɗaya, ta sami hanyar amsa: rumbu ɗaya ne, ƙofofin da aka buɗe ne suka bambanta.

Mai karatu na iya cewa, wannan duk labarin Turai ne, ina ruwan mutumin Mallawa ko Dungas da sukarin da bakteriya ta ci a Paris? Amsar tana cikin maƙogwaron ƴaƴanmu. Daga watan Disamba na 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano, ta bazu a arewacin Nijeriya, a 2023 kuma ta bayyana a jihar Damagaram, musamman wajen Matamaye. Mu da ke bakin iyaka da Jigawa, kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke yi, mun san cuta ba ta nuna takarda a shinge. Wanda ya taɓa ganin yaro mai mashaƙo ba ya mantawa: wuya ya kumbura, wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙogwaro tana toshe numfashi, wani lokaci kuma bayan an ɗauka ya warke sai zuciya ta gaza. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, ko ba a cika musu ba.

To, mene ne ke kisa a mashaƙo? Dafi ne da bakteriyar ke fitarwa, wanda Émile Roux da Alexandre Yersin suka gano a Cibiyar Pasteur a 1888. Amma ba kowace bakteriyar mashaƙo ce ke da dafi ba. A 1951 Victor Freeman ya nuna a Amurka cewa marar dafi takan zama mai dafi in wani birus ya shige ta ya kwanta. Wato gaɓar dafin ba tata ba ce, kayan baƙo ne, irin baƙon nan mai lamo da Lwoff da Jacob suka ƙare ƙuruciyar bincikensu a kansa. Bugu da ƙari, tun a shekarun 1930 an lura cewa dafin ba ya yawa sai in sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a inda bakteriyar take, amma ba a san dalili ba. Bayanin Jacob da Monod ne ya nuna inda za a duba, kuma a 1990 aka gano gaɓar da ke ƙera maigadin wannan ƙofa. In ƙarfe ya wadata, maigadin kan riƙe shi ya zauna daram a bakin gaɓar dafi. In ƙarfe ya yi wuya, sai ya saki ƙofa, dafi ya kwararo. Jikin ɗan Adam kuwa, na mai ƙiba da na mai rama, ɓoye ƙarfensa yake yi daga ƙwayoyin cuta, don haka maƙogwaro wuri ne na ƙarancin ƙarfe a wurinta. Dafin ya bi jini, ya shiga ƙwayoyin zuciya da jijiya, ya tsayar da ƙirar furotin a cikinsu; ɗigo guda nasa ya isa ya kashe ƙwaya guda.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci abubuwa uku da ma'aikatan lafiya ke ta nanatawa ba tare da an ba su lokacin bayani ba. Na farko, dalilin da ya sa kafso kaɗai ba ya isa: yana kashe bakteriya, amma ba ya kwashe dafin da ya riga ya fita, sai an haɗa da allurar karya dafi, ita ma tana aiki ne a kan wanda bai riga ya shiga ƙwayoyin jiki ba. Na biyu, dalilin da ya sa jinkirin kwana biyu a gida kan zama ajali. Na uku, abin da ke cikin allurar rigakafin: dafin ne da kansa aka kashe masa kaifi, bisa dabarar da Gaston Ramon ya fito da ita a 1923, don jiki ya san fuskar maƙiyi kafin ya zo. Shi ne ke cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14. Mun gaji cewa rigakafi ya fi magani, amma karin magana ba ya kore jita-jita. Bayani ne ke kore ta.

Irin bai tsaya a mashaƙo ba. Lokacin da masana a Amurka suka sa bakteriya ta ƙera insulin irin na mutum a 1978, ƙofar sukarin madarar nan suka ara suka ɗaura mata sabon umarni; a 1982 maganin ya shiga kasuwa, kuma masu ciwon sukari a Damagaram da Maraɗi na cikin masu cin moriyar wannan hanya. Ɗan aiken da aka tabbatar a 1961 shi ne tushen waɗansu alluran korona na 2020. Mannewar bakteriya da juna kuwa, wadda Jacob da Wollman suka auna da injin markaɗe, ita ce ɗaya daga hanyoyin da suke miƙa wa juna gaɓoɓin jure magani, abin da masanan Japan suka fara gani a ƙarshen shekarun 1950. Duk mai sayen kafso biyu a tiren ɗan talla ya sha ya bar saura, horar da su yake yi bai sani ba. Ga tasiri na gaskiya: tunanin mutum ya shiga aikin yau da kullum har a daina ambaton sunansa, kamar yadda ba mai tambayar wanda ya fara ɗora rumbu a kan duwatsu don gudun gara.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Ɗalibanmu na lise masu karatun kimiyya suna haddace gène da répresseur da ARN messager don jarrabawa, su samu maki, amma in sun koma gida ba su iya faɗa wa iyayensu mata abin da ke cikin allurar da ake yi wa ƙannensu. Ilimin ya tsaya a harshe guda, tsoron kuma yana yawo a wani. Wannan ba sabon kuka ba ne. Abdou Moumouni, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique, da a koyar da yara cikin harsunansu. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Amma doka ba ta ƙera kalma. In Hausa za ta ɗauki wannan kaya, sai malamin kimiyya da malamin harshe sun zauna a tabarma ɗaya, wannan ya kawo ma'ana, wancan ya kawo kalma, su gwada a gaban ɗalibai da tsofaffi, abin da ya zauna a baki a riƙe, wanda ya ƙi a sake.

Kalmomin da na yi amfani da su a nan, zaren gado da gaɓa da zaure da maigadi da ɗan aike, shawara ce kawai, kuma zan yi murna in wani ya kawo waɗanda suka fi su. Abin da na tabbata shi ne ba aron hankali muke yi ba. Su ma masanan Paris daga rayuwar yau da kullum suka ɗebo nasu kalmomin: mai dannewa, ɗan saƙo, mai buɗewa. A wata maƙala ta 1977 Jacob ya kwatanta yadda halittu ke sauyawa da aikin mai gyare-gyare, wanda ke haɗa sabon abu da tarkacen da ya tarar a hannunsa. Duk wanda ya ga maƙerin kasuwarmu ya mai da tsohuwar gwangwani fitila, ya san me ake nufi. Harshe ma haka yake girma. Mutanen da suka san dokar rumbu, suka san ba a buɗe shi don marmari sai don bukata, ba za su kasa gane dokar gaɓoɓin gado ba in an faɗa musu da bakinsu.

Akwai cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, akwai jami'ar André Salifou a Damagaram, akwai ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Daga cikin yaran da ke zaune a azuzuwanmu yau waɗansu za su shiga waɗannan wurare, kuma za a auna su da mudun maƙala da ambato, ba makawa. Fatana shi ne mu sallame su da wani mudu na biyu a aljihu: wace tambaya ka amsa wadda ta buɗe wa waɗansu hanya, kuma ko mahaifiyarka ta gane amsar? Jacob ya fara bincike yana da shekara talatin, da jiki mai tabon yaƙi, a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, da injin markaɗe. Ba kayan aiki ne suka fara zuwa ba, tambaya ce. Tambaya kuwa da harshen uwa take fara tsirowa. Allah Ya ba mu ikon shuka ta, Ya kuma raya mana yaran da za su girbe.